Awad Mai Karatu a Juye

Duk wanda ya taɓa ganin Awad da Yafet suna karatu, gardamarsu yake tunawa. Ba mai kallon yatsan Awad. Yatsan kowa a garinsu Rosh Ha'ayin, in ana karatun Ibrananci, daga dama yake tashi ya nufi hagu, yana gangarowa wajen ƙirjin mai shi. Na Awad kuwa daga hagu yake tashi, dab da maɓallin rigarsa, layi bayan layi yana nesa da shi, har ya je ya tsaya a gaban Yafet.

Asalin abin yana can Yaman, a ƙauyen kan dutse inda aka haife su. Mori, malamin yaran Yahudawan ƙauyen, littafi ɗaya tak gare shi. Yakan buɗe shi a kan ɗan benci, yara su kewaye, kowa ya koya daga inda ya samu wuri. Yafet a gefen Mori yake zama. Awad kuwa ɗan maƙerin azurfa ne, sai ya zuga wa ubansa wuta kafin ya zo, don haka wurin da ke fuskantar Mori ne kullum ke rage masa. Haka haruffa suka shiga idonsa, ƙafafu a sama. Mori yakan shafa kansa ya ce kada ya damu, allunan da aka ba Annabi Musa ma ta kowane gefe ake karanta su.

Suna samari aka kwaso su a jirgin sama zuwa Isra'ila, aka sauke su a tantuna. Awad ya samu aikin tsinkar lemu. Wata rana a lokacin hutu shugaban lebura ya gan shi riƙe da jarida a juye, ya kira mutane yana dariya, wai su zo su ga shehin malami. Tun daga ranar Awad bai ƙara buɗe takarda shi kaɗai a gaban mutane ba. Addu'o'i da karatun majami'a duk suna kansa tun yana yaro, babu mai gane komai.

Yafet ya auri Badra, ƙanwar Awad. Kullum da yamma, in an tashi aiki, sai su zauna a tsakar gidan Yafet ƙarƙashin bishiyar gwaiba, tebur a tsakani, babban littafin labaran malaman farko yana fuskantar Yafet. Awad ya rera shafi, sannan ya lumshe ido ya maimaita labarin da bakinsa, har ka ji kamar malamin da ya rasu tun zamanin da yanzu ya fita ta ƙofar baya. Yafet ya buga tebur.

"Ƙari ka yi! Ina aka rubuta jakin yana ɗingishi?"

"To da wane jaki talaka zai hau, mai takalmi?"

Maƙwabta sukan jingina da shinge suna sauraro. Wani ya ce, "Tsofaffin nan, wannan rowa har ina? Ku sayi na biyu mana."

Yafet ya ce, "In ya samu nasa, wa zai riƙa kama shi?"

Waɗanda suka san ainihin dalilin suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a wani lokacin sanyi Yafet ma ya bi su, saura shafuka kaɗan su sauke littafin.

Al'ada ce a sauke littafi domin ran mamaci kafin taron cikar wata. Kowa ya san wane littafi, kowa ya san wa zai karanta. Bayan an tashi daga zaman bakwai, maza suka tsaya a majami'a tsakanin addu'ar la'asar da ta faɗuwar rana. Rason, ɗan Yafet, direban bas, ya kawo littafin ubansa da hannu biyu, ya buɗe shi a gaban Awad, yana fuskantarsa sosai.

Awad ya duba. Haruffan ne dai, amma kamar ka ga ƙauyenku daga hanyar da ba ka taɓa shigowa ta ita ba. Ya kama kalma ɗaya, ya yi tuntuɓe a ta biyu. A hankali ya sa tafin hannu ya juya littafin.

Rason bai ma yi tunani ba. Tun yana ƙarami aka koya masa cewa littafi mai tsarki ba a barinsa a juye. Ya mayar da shi daidai, ya sumbace shi, ya rage murya.

"Kawu, ai a juye ka sa shi."

Awad ya sake gwadawa. Ya sake juyawa. Wannan karon wani dattijon ne ya gyara, shi ma ya sumbata. Mutane suka fara kallon juna da tausayi. Wani ya ce a raɗa, baƙin ciki ne ya taɓa shi. Awad ya ji dariyar nan ta gonar lemu a kunnensa. Ya ce idonsa ke ciwo, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bai koma ba. A ɗakinsa ma ya gwada, inda ba mai gani, ya kasa. Yatsansa ya tafi ya tafi, ya kai ƙarshen shafi, ya tarar babu kowa a can. Wa zai juya shafin? Wa zai ce ƙarya ne? Watan yana ta ƙarewa, littafin Yafet yana rufe.

Ana saura 'yan kwanaki Badra ta aika a kira shi. Ya same ta a ƙarƙashin gwaiba, baƙin mayafi a kanta, littafin a kan tebur, gahawa mai citta tana tururi.

"Yaya, an ce ka makance. Ga shi kuwa ka ga hanyar gahawa."

"Bar ni, Badra."

"Ba zan bar ka ba. Ni nake kai muku ruwa ɗakin Mori, ka manta? Na san gefen da kake zama. Me ya hana ka gaya wa yaron nan?"

"In ce masa me? Kawunka da furfurarsa bai iya riƙe littafi ba?"

Ta ja kujerar Yafet ta zauna, ta jawo littafin ya fuskance ta. A zamaninsu ba a sa 'ya'ya mata karatu, ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

"To ga shi a daidai. Wa zai ce an wulaƙanta shi? Zauna."

Ya zauna. Ya ɗora yatsa kusa da maɓallin rigarsa. Ya fara rerawa. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga gira, ita kuma ta lashi yatsa ta juya shafin, kamar yadda ta ga mijinta yana yi shekara da shekaru daga tagar kicin. Ya lumshe ido ya fara ba da labarin. Bai yi nisa ba ta buga tebur.

"Ƙari ka yi. Wancan karon ba ka ce matar ta yi kuka ba."

Awad ya buɗe ido. Tsigar jikinsa ta tashi. Ko inda ta buga, nan Yafet yake bugawa, inda fentin ya goge.

Ita kuwa shafin take kallo. Ta ce a hankali, "Kullum daga nesa nake hango haruffan nan. Ashe haka fuskarsu take."

Ranar taron cikar wata tsakar gidan ya cika. Maza a kan benci, mata a bakin ƙofar kicin. Rason ya ajiye littafin a gaban kawunsa, ransa a ɗar-ɗar. Sai ga Badra ta ratso ta tsakiyar maza.

"Inna, nan wurin maza ne."

"Nan wurin ubanka ne. Matsa."

Ta zauna, ta juyo littafin wajenta. Hannun Rason ya ɗaga zai gyara, sai ya tsaya a iska. Littafin ba a juye yake ba, mai zama a gabansa yake fuskanta.

Awad ya rera shafin ƙarshe da karin ƙauyen kan dutse, wanda rabon a ji shi haka tun rasuwar tsofaffi. Yanzu kam kowa yatsan yake kallo. Ya tashi daga hagu, yana tafiya, yana barin mai shi, har ya kai kalmar ƙarshe, ya tsaya dab da hannun Badra. Tsakar gidan ya yi tsit, ana jin motsin ganyen gwaiba. Can wani dattijo ya tuna, ya miƙe, aka fara addu'ar mamaci. Rason yana karantawa yana share ido da bayan hannu.

Da aka ci gurasa da hulba aka watse, Awad ya lura teburin yana rawa. Ya tsuguna, ya naɗe guntun kwali, ya cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.