Mai Akwati Ya Sayi Jaka

A unguwarsu duk wanda famfonsa ya fara ɗiga ba ya cewa a nemo mai gyara, cewa yake a kira Mai Akwati. Sunan ya samo asali ne daga wani koren akwatin ƙarfe da mutumin yake saɓawa a kafaɗar dama tun kafin a haifi 'yarsa ta fari. Fentin ya koɗe, murfin ya lotsa ta gefe guda, amma cikinsa tsaf yake kamar kantin magani. Sufanu a jere daga ƙarama zuwa babba, filaya, guduma, zarton yanka fayif, gwangwanin washa da noti, farin zaren naɗe bakin fayif, da tocila. A ƙasan duka akwai wata ƙatuwar sufanar fayif mai haƙora wadda yake kira Kada, ita kaɗai ta kai nauyin jariri.

Ko washa ɗaya za a canza, da akwatin nan zai hau bene. Mutane kan tsokane shi, su tambaya ko tarewa ya zo yi a gidan. Ya yi murmushi kawai ya durƙusa ya fara aiki. Wanda ya matsa da tambaya shi ke jin dalili. Tun yana koyon sana'a ya lura akwai wata magana da masu gyara suka ɓata. Mutum zai rufe ruwan gida, ya kwance famfo, sannan ya ce bari ya je ya ɗauko abu kaza ya dawo. Shi ke nan, ya wuce wani aikin da aka kira shi, ya bar mutanen gidan da bokiti suna bin maƙwabta. A lokacin ya ƙudurta a ransa cewa wannan magana ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba, kuma har furfura ta cika masa kai ba ta fita ba. Duk abin da aiki zai nema yana cikin akwatin. Mutuncinsa ke nan a unguwa, ya kuwa san da haka.

'Yarsa, wadda ke aikin jinya, ita ta fara gane akwai matsala. Ta zo gida ta ga yana kokawa da riga, yana ƙoƙarin zura hannun dama ba tare da ya ɗaga shi ba. Ya ce kwanciya ce ya yi a kan hannun. Ba ta yi musu ba, sai dai washegari ta tasa shi gaba har asibiti. Aka ɗauki hoto, likita ya duba ya ce jijiyar kafaɗar ta gaji da ɗaukar nauyi. In ya daina yanzu za ta lafa. In ya ci gaba, wata rana hannun ba zai wuce ƙirjinsa ba. Mai Akwati bai buƙaci a yi masa ƙarin bayani ba, don ya san mai gyaran famfon da hannunsa ba ya ɗaguwa ya gama aiki.

Da suka dawo, uwa da 'ya suka haɗe masa kai. Ko dai ya ajiye akwatin, ko ya ajiye sana'ar. Matarsa ta tura akwatin ƙarƙashin gado, ta sa masa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ta ce gobe za su je a sayi jaka, kuma ƙafarsa ƙafarta.

Ya yarda, amma da sharaɗin a tafi da kayan aikin duka, don ba a sayen jakar aiki da ido. Haka aka juye su a buhu, mai motar haya ya taya su sauke shi a ƙofar wani ɗan siririn shago da jakunkuna suka cika har rufi, yana ta warin tamfol da roba. Mai shagon mutum ne mai fara'a da tumbi. Ya saukar musu da wata baƙar jaka mai sheƙi, aljihu ta ko'ina, kowane aljihu da zif ɗinsa.

Mai Akwati ya zuba sufanu a ciki, ya ajiye ta a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya kwanta rigingine a tsakar shagon.

"Lafiya, Baba?" in ji mai shagon. "In barci za ka yi akwai benci."

Ya ce ai a haka yake wuni. Rabin jikinsa a ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, hannu ɗaya riƙe da fayif, ido a sama, ɗaya hannun ne ke shiga jaka ya lalubo abin da ake so. Ya rufe ido ya miƙa hannu. Jakar ta lanƙwashe ta rufe bakinta, yatsunsa suka yi ta yawo a kan zif. Ya ce a ɗauke ta. Zif da jiƙaƙƙen hannu ba sa shiri, kuma da ƙasa ta shiga haƙoransa ya mutu.

Aka kawo ta goyo, irin wadda 'yarsa ta ba da shawara saboda tana raba nauyi a kafaɗa biyu. Ya yaba da tunanin, amma da aka tsayar da ita sai ta kife, kuma duk ƙananan kaya sun gangara can ƙasa sun haɗu da juna. Ta uku tana tsayuwa da kyau. Ya nemi a ba shi ruwa a kofi, mai shagon ya ɗauka ƙishirwa ce, sai ya ga an kwara ruwan a siminti an ɗora jakarsa a kai.

"Baba, saye ka zo yi ko wanki?"

"Inda ake kirana ba a samun busasshiyar ƙasa," in ji Mai Akwati. Ya ɗaga jakar ya nuna masa yadda gindin ya tsotse ruwan. Ƙarfe in ya kwana a irin wannan, tsatsa ce da safe.

Daga nan mai shagon ya daina yabon kaya, ya fara sauraro. Ya shige ciki ya daɗe, ya fito da wata ƙatuwar jakar tamfol mai gindin roba mai tauri kamar faranti. An sa waya a bakinta, in an buɗe sai ta tsaya a hangame. Aljihunta a ciki suke, a tsaye, kowace sufana ta samu ɗakinta. Mai Akwati ya jera kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da Kada a tsakiya, duk suka shige har da sauran wuri. Fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa bushara.

Matarsa, wadda tun ɗazu take zaune a kan benci, ta tashi ta kama hannun jakar ta ja. Ko gezau.

"Wannan ai akwatin ne aka sa wa riga," in ji ta. Ta juya ta tambayi mai shagon ko jakar tana da ƙanwa.

Tana da ita kuwa. Komai iri ɗaya, gindin roba, bakin waya, ɗinki biyu a inda igiyar ratayawa ta kama jiki, sai dai ba ta kai rabin yayarta ba. Kada ba zai shiga ba sai an fitar da kusan komai. Mai Akwati ya kawo hujja iri-iri. Ya ce ba dole ne ya cika babbar ba. Matarsa ta ce ta san shi, ko aljihun rigarsa ba ya bari wayam. Ya ce to in aiki ya nemi abin da ba ya ciki fa? Ta yi ƙasa da murya don kada mai shagon ya ji.

"Malam, hannun nake so ka riƙa dawo min da shi gida. Ƙarfen ko ba ka nan yana nan."

Ya murza igiyar ƙaramar jakar da yatsu. Faffaɗa ce, an yi mata laushi a inda za ta zauna a kafaɗa. Ya rataya ta a hagu, ya ɗan taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ƙaramar suka saya.

Daga ranar ya koyi abin da bai saba ba, wato tambaya kafin ya fita. Wanda ya kira sai ya sha tambayoyi. Ɗiga yake ko tsiyaya? Daga kan famfon ne ko daga ƙasa? Fayif ɗin na roba ne ko na ƙarfe? Sannan ya shimfiɗa tabarma, matarsa ta buɗe kwaɗo, ya zaɓi abin da aikin zai ci. Kafaɗar ta fara lafawa, har yana iya sa riga ba tare da ya cije baki ba.

Wata safiya wata tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a saman bene ta kira. Ta ce ƙasan kwamin kicin ɗinta ne ke ɗiga, kuma a ganinta fayif ɗin roba ne. Ya je ya rufe ruwa, ya kwanta, ya haska tocila. Roba ne kamar yadda ta faɗa, amma inda yake ɗigar a bayansa ne, wani tsohon mahaɗin ƙarfe da tsatsa ta cinye a jikin bango. Aikin Kada ne. Ya gwada sufanar da ke jakar, ya danna da ƙarfi, sai ya ji wani abu ya soke shi daga kafaɗa har wuya. Ya san in ya dage ɗayan biyu za a yi, ko notin ya goge ko kafaɗar ta tafi. Ya daɗe kwance yana kallon tsatsar nan.

Da ya yanke shawara, sai ya naɗe mahaɗin da guntun roba ya ɗaure tamau, ya tara bokiti a ƙasa, ya je ya sake buɗe ruwan don kada gidan ya zauna babu. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana goge hannu da tsumma fiye da yadda hannun ke buƙata.

"Malama, akwai abin da ban zo da shi ba. Zan je in ɗauko in dawo."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce na ƙarshen da ya faɗa mata haka da kan famfon banɗakinta ya tafi, har yau tana yi masa addu'ar sauka lafiya. Bai yi dariya ba. Ya nuna mata jakar, tana tsaye a buɗe a ƙarƙashin kwami, sufanu a jere. Ya ce ga ta nan, a nan zai bar ta.

Ya sauko hannu wayam. Bai taɓa tafiya a titin nan da rana ba tare da kaya ba, har ya rasa inda zai kai hannuwansa. Matarsa na shanya ta hango shi haka, ta ɗauka fizge jakar aka yi. Ya ce Kada ya zo ɗauka. Ta dube shi, ta gane abin da ya faɗa a gidan mutane kafin ya taho, ba ta kuwa tsokane shi ba. Ta buɗe kwaɗon, ta naɗe Kada a tsohon tawul, ta danƙa masa a hannun hagu.

Malamar na yankan albasa ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe, ta matsa gefe ta ba shi hanya, ta ce ashe akwai sauran masu cika alkawari. Ya sake rufe ruwa, Kada ya ciji mahaɗin, tsatsar ta yi ƙara ta saki. Ya sa sabo, ya naɗe da zare, ya sa ta buɗe famfo har ƙarshe, ya shafa busasshen yatsa a ƙasa bai ji danshi ba.

Da ya zo tafiya ya rataya jakar, ya sunkuya zai ɗauki Kada, sai ya tsaya. Su biyun a haɗe sun fi abin da ya yi alkawarin ɗauka. Ya roƙi malamar ta bar shi ya jingine shi a bayan ƙofa, 'yarsa za ta biyo ta ɗauka in ta taso aiki. Ta ce ya tafi abinsa, duk ɓarawon da ya iya sauka bene da wannan abin ya ci halal ɗinsa. A nan ne ya yi dariya. Ya gyara zaman igiyar a kafaɗar hagu, ya dafa ƙarfen matakala da hannun dama, ya sauka a hankali.