Ledar da Ta Karya Mini Azumi

Shekara huɗu ina kiran abin nan maganin ciwon baya. Ni magini ne, kullum da sassafe nake hawa mota daga unguwarmu Chaza a Suleja zuwa aiki a Abuja, kuma a bakin tasha akwai wata mata mai tire cike da ƙananan ledoji. Ka ciji gefe, ka tsotse, baya ya saki. Da ɗaya na fara, har na kai biyar. Da wani ya ce mini mashayi a lokacin, da sai an raba mu. Ni da ba a raba ni da sahun gaba?

Azumi ne ya tona ni. Shekarun baya ina lallaɓawa har a sha ruwa, amma a wannan shekarar, rana ta uku, kafin azahar hannuna ya hau rawa, bulo ya suɓuce mini sau biyu. Na zaga bayan tarin yashi na tsotse ledar da na ɓoye a aljihu, rana tsaka. Hannun ya tsaya cak. Bayan nawa kuwa ko ciwo ba ya yi. Nan na zauna na yi kuka, don na san giya nake sha.

Yayana na fara faɗa wa. Ya ce, “Kai, rufa mana asiri. In ka je asibiti, layin masu taɓin hankali za a sa ka, duk Suleja ta gan ka. Bari a karɓo maka rubutu, ka daina kawai.”

Na ce, “Yaya, rubutun zan sha, asibitin ma zan je.”

“So kake a riƙa nuna gidanmu?”

“A nuna. In na faɗo daga saman bene, su ne za su riƙe maka 'ya'yana?”

Ya yi fushi, na tafi abina. Likita ta ce da na yanke shi lokaci ɗaya ni kaɗai, jijjiga na iya kayar da ni. Ta ɗora ni a kan magani, ta ce in riƙa dawowa duk mako.

A zuwana na biyu ina zaune a benci, sai ga maƙwabcinmu, sarkin tsegumin layinmu, ya kawo mahaifiyarsa awon jini. Ya gan ni, ya yi saurin kau da kai. Kunya ta kama ni, amma na ƙwala masa kira.

“Malam, ina kwana? Giya ce ta kawo ni, magani nake karɓa. In ka koma unguwa ka faɗa daidai, kada ka rage komai.”

Aka kira lambata, na miƙe na shiga.