Baba Haka-Ne

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gindin injin niƙa, a wani ɗan shago mai rufin kwano da ko taga babu. Da safe ya tayar da inji, ba ya kashewa sai yamma. Gari a gira, gari a gemu. A da bakinsa ba ya hutawa. Ya san kwanon kowane gida ba a rubuta suna ba, ya san wadda za ta yi ƙorafin gari bai yi laushi ba tun kafin ta buɗe baki.

Injin ne ya cinye masa kunne sannu a hankali, shi kuwa taurin kai ya hana shi amsa cewa ba ya ji. Kowa ya yi magana sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Har sunan ya bi shi. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya taɓa ce masa, "Kai fa ɓarawo ne," ya ce haka ne, layi ya ɗauki dariya.

Autarsa ce kaɗai abin bai ba dariya ba. Ta ja shi asibiti. Likita ya ce mata kunnen da aka bari ba ya ji yakan janye mutum daga hira, ƙwaƙwalwar da ta rasa hira kuwa ta fi saurin rikicewa da tsufa. Ta saya masa na'urar ji.

"Ni za ki maƙala wa wannan abu, Auta? Kunnena ƙalau."

Ya jefa ta cikin akwatin sufanu da sauran kayan gyaran inji.

Daga baya aka sayar da injin. Ya daina zuwa bencin tela, don ana dariya bai san dalili ba. A gida ma aka gaji da ɗaga murya, sai a ajiye masa abinci a fita. Aiki ya kai Auta nesa. Duk sati ta kira shi a waya, ya ce haka ne, ta kashe da sanyin rai. Shekara shida kenan. Abin takaicin shi ne babu wanda ya san ranar da hankalinsa ya fara tafiya, tunda amsar ba ta taɓa canzawa ba.

Da yayarta ta gaya mata an tsinto shi a bakin tsohon shagon yana jiran a kawo niƙa, ta zo. Ta tono na'urar daga ƙarƙashin sufanu, ta sa sabon batir, ta durƙusa ta maƙala masa. Wannan karon bai hana ba, hakan ya fi komai tsorata ta.

"Baba, kana ji na?"

Ya zabura, idonsa ya yi haske. "Ina ji sarai."

Hawaye suka zubo mata. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya leƙa hannunta.

"Yarinya, daga wane gida? Ina kwanon naku?"