Usta Ramzi da Hotunan da Aka Rufe wa Nawal

Mutane da yawa sun ɗauka mai ɓalle kwaɗon na'urar karanta littattafai ɓarawon littattafai ne. Har a zaman makokinka na ji ana raɗa haka, Usta Ramzi, alhali ranar Talata huɗu ga Maris muka binne ka a nan Iskandariyya, ƙasar kabarinka ko bushewa ba ta yi ba. To su sani: ba ka taɓa satar shafi ɗaya ba. Kamfani ya sayar wa mutum na'ura, ya kuma ƙaƙaba masa hotunan talla a fuskarta duk lokacin da ya ajiye ta. Kai kuwa ka buɗe ta don ya sa hoton da ransa yake so.

Shekara shida ina turo maka ɗalibaina shagonka na gyaran na'urori. Kakan ce, "Malama, yarinyar da ta ga fuskar kakarta a kai, ba za ta bar littafi ya yi ƙura ba." Haka kuwa aka yi.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka rubuta wa matarka Nawal saƙonni arba'in da hannunka, ka ɗauki hotunansu ka zuba a na'urarta, duk ajiyewa wani ya fito. Ta nuna mini ɗaya: "Gishirin miyar jiya ya isa tafkin Maryut." Sharaɗinka ɗaya ne, kada a haɗa ta da intanet, don kada kamfani ya mayar da kwaɗonsa.

Ranar sadakar uku ƙaninta Midhat ya haɗa ta, saƙonnin suka ɓace, talla ta dawo.

"Yaya, gyara miki na yi," in ji shi. "An daina zama da kayan fashi a gida."

"Sannu alƙali," ta ce. "Sau biyu na rasa miji a mako ɗaya."

Midhat, ba zan sakaya maka ba. Kana sane. Usta yana raye ba ka iya kallon idonsa ba, sai da ya kwanta dama ka yi jarunta a kan bazawara.

Na duba, hotunan suna nan a ciki, sabon kwaɗo aka danna musu. Ni nahawu na iya. Amma ku ɗalibaina da kuka zauna gefen teburin Usta, ku zo ajina ranar Alhamis bayan la'asar. Ko sau ɗaya kika ga yadda yake yi, 'yata, zo ki gwada. Cikin arba'in ɗin, Nawal ta karanta goma sha ɗaya kacal.

Allah Ya jiƙanka, Usta, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Nawal da ɗanku Hazim haƙurin rashi.