Malam Nagoda da Kukan Alade

Shekara ashirin da biyu Malam Nagoda ya yi yana koyar da Turanci a wata firamare a Tudun Wada, kuma kowa ya san shi da kwaikwayon kukan dabbobi. In ya yi carar zakara a aji, har 'yan acaɓa a bakin titi sai sun waigo. Babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa koya wa yara abin da bai tabbatar ba.

Sai dai fa akwai shafin alade. Littafi ya ce kukansa "oink". Malam ya duba ƙamus, ya ga kalmar ba ta da wani asali sai kunnen Bature: ya ji kukan, ya rubuta yadda ya ji. To shi Malam, haifaffen cikin birni, ko a mafarki bai taɓa jin alade ba. Sai ya ƙirƙiro nasa, siriri, kamar na kyanwar da aka taka wa wutsiya. Yara suka yi ta haddacewa, don su ma ba su sani ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Talata, yana gama kukan aladen nasa, sabuwar ɗaliba, Chidiogo, ta ɗaga hannu.

"Malam, ba haka yake yi ba. Kakata tana kiwonsu a ƙauye."

Kunya ta rufe Malam, amma son sani ya fi ƙarfin kunyar. Ana tashi ya nufi shagon mahaifinta, Tochukwu, a Kwangila, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tochukwu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kira tsohuwarsa a ƙauye, ya ce ta kai waya bakin garken aladun. Malam ya kara a kunne, ya ji wani gurnani mai kauri kamar minsharin ƙato.

"Ikon Allah!" ya ce. "A ce ya sake."

Washegari ya tsaya gaban allo.

"Kukan aladen da na koya muku, da ku da yayyenku, ba daidai ba ne. Ban taɓa ji ba, na yi kamar na sani. Ku saurara."

Ya cika ƙirji, ya yi gurnani. Yara suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya zuba wa Chidiogo ido.

"Saura kaɗan, Malam," ta ce. "Ta hanci ake yi."

Malam Nagoda ya ajiye alli, ya sake gwadawa.