Fil ɗin Da Ya Rage a Gwangwani

Babanmu mai gyaran agogo ne, har idanunsa suka ƙi. Da farko ƙananan haƙoran agogon ya daina gani, daga baya har fuskokinmu. Amma girman kai? Ko kusa bai ragu ba. Ka ce za ka zaɓa masa riga, ranar sai ka gwammace ba a haife ka ba.

Inna ce ta samo dabara. Ta sayo fil, irin mai rufin kan nan, tana maƙalawa a cikin wuyan kowace riga. Babba na farar riga ne, ƙarami na shuɗiya, biyu a sarƙe na ruwan ƙasa. Baba ya shafa, ya saka abarsa, ya fita wurin abokansa tsaf. Har yabon fil ɗin yake yi, aikin ƙarfe ai nasa ne. "Waya ɗaya ce fa aka murɗa," in ji shi, "aka sa wa tsinin hula don kada ya soki mutum."

Da Inna ta rasu, matar yayana ta karɓi wankinsa. Baiwar Allah, don kyautatawa ta yi. Ta ga fil sun fara tsatsa suna ɓata wuyan riguna, ta cire su kaf ta zuba a gwangwani, ta goge kayan ta jera.

Baba ya shafa wuyan riguna, bai ji fil ba. Ya dai daina fita. Abokansa su zo, ya ce a ce musu yana barci. Ni kuwa da na gano dalili, sai da raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Na ɗauko gwangwanin na zauna a gabansa.

"Baba, faɗa mini, ni zan mayar."

Yana shafa fil yana faɗin launi, ina nemo rigar ina maƙalawa. Matar yayana na miƙo mana, tana share hawaye. Muka gama, sai ga guda ya rage, an zura masa ɗan dutsen ado.

"Wannan fa, wane launi ne?"

Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Ba na launi ba ne, 'yar nan. Na rigar da Innarku take cewa ta fi yi mini kyau ne."

"Wacce ce a ciki?"

"Ina zan sani? Ban taɓa ganinta ba."

Washegari ya fita wurin abokansa, da fil ɗin a aljihu.