Ajiyar Gwaggo Fadima a Ɗakin Wake

A ƙauyen nan na gabas da Makoda, inda gonar wani ke ƙarewa a jikin katangar wani, babu wanda bai san Gwaggo Fadima ba. Ba don dukiya ba, ba kuma don baki ba, ko da yake bakin ma Allah ya ba ta daidai gwargwado. Abu biyu aka san ta da su: wake da ajiya.

Waken gadonsa ta yi. Mahaifinta manomin wake ne, tun tana ƙarama ita ke tsince masa tsakuwa a faifai. Da mijinta ya rasu ta dawo gidansu, sai ta riƙe abin ya zama sana'a. Da kaka ta saya, ta ɗura a buhuna, ta jibge a wani ɗakin ƙasa da ke can ƙuryar gida. Sai ta sa ƙwayar maganin ƙwari, ta ja ƙofa, ta yaɓe gefenta da laka, ba za a buɗe ba sai bazara in wake ya yi daraja.

Ajiya kuwa ita ta zo ta same ta. Mace ta kawo 'yan kunnenta na zinariya, magidanci ya kawo irin gyaɗarsa don kada yara su cinye kafin ruwa ya sauka. Ba a taɓa zuwa karɓar abu ta ce a dawo gobe ba. Mutane na cewa amana ce da ita, kuma gaskiya ne, amma wanda ya zauna da ita ya san rabin amanar nan tsoro ne. Gwaggo matsoraciya ce ta gaske. Tana tsoron ɓera, tana tsoron gara, tana tsoron yoyon ɗaki, sama da duka tana tsoron ranar da za a miƙo mata hannu ta rasa abin da za ta ɗora a kai. Shi ya sa ko mai kayan ba ta faɗa wa inda ta ɓoye masa.

Cikin 'ya'yan ƙaninta akwai Kamaruddeen, wanda ya ci sunan mahaifinta, don haka ba ta iya kiran sunansa, sai dai Babana. Gyaran waya yake yi a Kano, yana kwana a ɗakin haya da samari suka yi wa yawa, inda ko cajar mutum ba ta kwana inda ya ajiye ta. Burinsa a duniya ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa, irin wadda ake tseren mota a kanta da mutanen wasu ƙasashe. Ƙarfinsa bai kai ya saye ta a dunƙule ba, sai ya riƙa tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya, yawanci tokumbo, wato na hannu, a naɗe cikin jarida da leda. Duk wanda ya samo sai ya hau mota ya kawo wa Gwaggo.

Kuma ba ya miƙawa ya tashi. Sai ya baje a tabarma ya yi mata karatu, ita da ko saƙon waya sai an karanta mata.

"Gwaggo, kin ga wannan 'yar mitsitsiyar? Ita ce ƙwaƙwalwar. Akwai irinta da aka kulle, ba ta wuce gudun da aka yanka mata. Wannan a buɗe take, zan iya matsa mata ta ƙara gudu."

"In ka matsa mata ba za ta mutu ba, Babana?"

"Zafi za ta ɗauka. Shi ya sa na ƙi sayen fankar alminiyam, na yi ta jira sai da na samu wannan." Ya ɗago wani abu mai nauyi, da bututu jajaye suna ƙyalli kamar sabon kwabo. "Jan ƙarfe ne zalla. Shi ke janye zafin."

"Wato irin na 'yan acaɓan hanyar Ɗambatta za ka yi, a murɗe wa babur wuya sai ya yi kuka."

Ya yi dariya, ya ce kusan haka ne, sai dai shi ya tanadi abin fifita.

Yaron nan ya wahala wajen zaɓe. Babban allon da sauran kayan ke hawa kansa sai da ya mayar da wani, ya ce ba zai jure wutar da za a ɗura masa ba. Katin da ke fitar da hoto kuwa ya daɗe yana zarya a kansa, yau ya ce wannan na zafi, gobe ya ce wancan an taɓa buɗe shi. Gwaggo ba ta gane komai ba sai abu ɗaya: duk wata ƙwaya da ke cikin ledojin nan, yaron ya hana cikinsa wani abu kafin ya same ta.

To ina za ta kai su? Ƙarƙashin gado akwai ɓera. Cikin kwalla, yaran gida na buɗewa neman ƙuli-ƙuli. Saman sif ɗinta daidai inda rufin ke ɗiga ne. Haka ta tattara su a kwali, ta yi ta yawo da shi daga lungu zuwa lungu har kaka ta zo, ranar rufe wake dabara ta faɗo mata. Ɗakin wake! Wurin da ɓera ba ya rayuwa, gara ba ta rayuwa, ɓarawo ma in ya ji warin ya san inda dare ya yi masa. Ta fi kowa sanin maganin nan na kashe mutum. Ba ta bari a yi shimfiɗa a jikin bangon, ko kaza ta matsa sai ta kora. Amma ƙarfe ai ba ya numfashi. Ta ɗora kwalin a saman buhuna, kuma saboda akwai amana a ciki, ta ƙara ƙwayar maganin fiye da yadda ta saba. Ta yaɓe ƙofa, ta wanke hannu, ta ji zuciyarta wasai.

Aka ci sanyi, zafi ya fara shigowa. Kamar yadda take yi duk shekara, ta huda yaɓen ta jefa sabuwar ƙwaya ta sake toshewa. A makon ne Kamaruddeen ya bugo, muryarsa har rawa take don murna, ya ce ya samu abu na ƙarshe da ya rage, ranar Asabar zai zo ya kwashi kayansa ya haɗa. Ta ce Allah ya kai mu, tana lissafin kafin Asabar za ta buɗe ɗakin ya sha iska.

Washegari da hantsi Lazarus ya yi sallama. Dillalin wake ne daga wajen Bagwai, ya daɗe yana sayen nata, Inna yake ce mata. Ya zo jin yaushe za ta buɗe. Ta hango tsohon sikeli mai ƙugiya a ɗaure bayan babur ɗinsa, ta ce, "Kai kuma ina na zamanin, mai lambobi, wanda ka ishe mu da shi bara?"

"Inna bari kawai. Mantawa na yi da shi a ɗakin wake na rufe da magani. Da na buɗe ya ƙi kamawa. Mai gyara ya kwance, cikin ya yi baƙi ƙirin. Ya ce hayaƙin maganin nan cin jan ƙarfe yake yi. Duk abin da ke da waya a cikinsa, in ya kwana da shi, sai dai a yi haƙuri."

Gabanta ya yanke ya faɗi. Ta zauna a kan turmi.

"Ko da abin na cikin kwali?"

"Nawa ma a jakarsa yake, a zuge."

"Jan ƙarfe ka ce?"

"Shi ya fi ci. Inna, lafiya?"

Ba lafiya ba. A ranar Gwaggo ta karya dokarta, ta faɗa wa wani inda ta yi ajiya. Ta ɗauki fartanya ta nufi ƙofar ɗakin wake, Lazarus na biye da ita yana tambayar yaushe ta sa sabuwar ƙwaya. Da ta faɗa masa sai ya sha gabanta. Shi ya karɓi fartanyar ya farfasa yaɓen, ya sa doguwar gora ya tura ƙofar daga nesa. Wari irin na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa ya buso. Aka kwashe yara da awaki aka kai maƙwabta.

Daga inda take tsaye tana hango gefen kwalin a saman buhuna. Ta jiƙa mayafinta ta ɗaure hanci, ta ce shiga ɗaya za ta yi ta fito.

"Wallahi Inna ba ki shiga," in ji Lazarus. "In kin faɗi a ciki wa zai ɗauko ki? Abin da ya yi wata da watanni a ciki, yinin yau ba zai ƙara masa komai ba."

Wannan maganar ta fi warin tayar mata da hankali. Wata da watanni. Duk lokacin da take yawo a tsakar gida da zuciya wasai, abin na can yana ci. Ta yini a gindin darbejiya tana kallon baƙin bakin ƙofar, ko ruwa ba ta sha ba. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, don a da tsoron abin da zai iya faruwa take yi, yau kuwa ya riga ya faru, saura a gani.

Sai washegari ta ɗauko kwalin. Daga waje lafiyarsa lau, ko ƙura bai yi ba, har ta fara sa rai. Ta warware jaridar farko. Bututun nan masu ƙyalli sun koma baƙi, da dabbare-dabbaren kore kamar tsohuwar rijiya. Ta ɗebo toka da lemon tsami, irin yadda take wanke tukunya, ta goga gefe ɗaya, ja ya fito. Zuciyarta ta ce goge duka, ki mayar cikin jarida, wa zai sani? Ta warware babban allon. Layuka ne sirara kamar gashi, da 'yan ƙafafu da ido da ƙyar yake gani, duk sun dishe. Ta tsaya da tokar a hannu. Nan babu wurin gogewa, kuma ko akwai, ba ta san me za ta ƙara kashewa ba. Ta mayar da komai yadda yake.

Asabar ta yi. Tun daga zaure ta ji muryar Kamaruddeen yana tsokanar yara. Ya shigo da 'yar leda a hannu, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta bari an kawo masa ruwa ba.

"Babana, zauna. Na yi maka ɓarna."

Ta faɗa masa duka, har da ƙarin ƙwayar da ta yi. Ya jawo kwalin, ya ciro gilashin da yake duba cikin waya da shi, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan katin hoton, yana juya shi, yana kankara da farce.

"Gwaggo, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

A hankali ya faɗa, kuma da ya yi mata ihu da ya fi mata sauƙi. Me za ta ce? Ita da tun tasowarta ba ta taɓa tambayar kowa inda ake ajiye abu ba.

Ya ce sai ya gwada tukuna. Ya ɗaure kwalin, bai ci abinci ba, ya bi motar azahar.

Labarin a bakin mahaifinsa ta ji: allon ya mutu, katin ya mutu, ƙwaƙwalwar da fankar ne suka tsira. Shi bai bugo ba, ita kuma ta kasa sa a kira mata shi. In wayarta ta yi ƙara sai ta yi wuf ta ɗauka, ta ji ba shi ba ne. Ta sayar wa Lazarus waken ba tare da ta ja ciniki ba, abin da bai taɓa gani ba. Ta fara aika wa mata su zo su karɓi kayansu, suna zuwa suna tambayar ko tafiya za ta yi. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, Kamaruddeen bai taka ƙauyen ba. Ta gama yanke wa kanta cewa yaron ya tafi ke nan, in an haɗu a gaisa.

Gero ya fara fitar da kai ranar da Kamaruddeen ya shigo. Ya rame. Ya gaishe ta kamar kullum, ta amsa idonta a ƙasa. Sai ya buɗe jakarsa ya ciro wani kwali mai faɗi, ya ɗora mata a cinya.

"Allon ne, na samu wani. Katin sai a hankali. Ajiya na kawo."

Ta ɗago ta dube shi. "Babana, ka rufa min asiri ka kai wani wuri."

"Wane wurin, Gwaggo?"

Ya miƙe ya ce bari ya leƙa gona ya gaida mahaifinsa, ya sa takalmi ya fita.

Matan gida suka ɗora tukunya suka sauke. Aka miƙo mata nata tuwon, ta ce a ajiye. Inuwa ta bar inda take zaune, rana ta hau ƙafarta, ba ta matsa ba. Har aka kira la'asar Gwaggo Fadima na nan a tabarma, ta rungume kwalin da hannu biyu, tana son tashi ta yi alwala, ta rasa inda za ta sauke shi.